Idan Mai Ciwon Daji Ya Yi Tari da Jini: Abin da Masu Jinya Za Su Yi

Hatsarin tarin jini ba ƙarewar jinin jiki ba ne, shaƙewa ce. Manyan hanyoyin iska, daga maƙogwaro zuwa rassan huhu, abin da suke ɗauka bai wuce mililita 150 ba, kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara. Jini kaɗan in ya daskare a wurin, numfashi ya tsaya. Don haka aikin mai jinya biyu ne: ya san yawan jinin, ya kuma san yadda zai kwantar da mara lafiya.

A fara duba daga ina jinin ya fito. Na huhu ja ne wur, da kumfa, cakuɗe da kaki, yana biyo bayan ƙaiƙayin maƙogwaro. Na ciki amai ne, baƙi-baƙi, da guntayen abinci. Da hunturu kuwa, in ƙura ta busar da hanci, haɓo kan gangara ta baya cikin dare, a tofar da safe a zaci daga ƙirji ne. A haska hanci da dasashi da tocila.

Kada ya tofa a ƙasa a rufe da turɓaya kamar yadda aka saba. A ba shi farar roba mai murfi, a rubuta lokaci, a ɗauki hoto da waya, domin "jini mai yawa" ba awo ba ne a wurin likita. Zare-zaren jini a kaki, ko abin da bai cika cokalin shayi ba, a sanar da likita a ranar, kada a jira ranar kilinik. Sau da yawa ƙaramin zubar jini shi ke riga babban zuwa. Amma in ya kai cokalin miya biyu ko uku a tari ɗaya, ko mililita 100 a yini, ko gudaji na fitowa, ko numfashi ya koma sama-sama, ko jiri da ruɗewa sun shigo, sai sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko asibitin da ya fi kusa in hali ya tsananta.

Kwanciyar ita ce wurin da aka fi kuskure. In ƙarin, wato kumburin dajin, yana huhun dama, a kwantar da shi a gefen dama. In hagu ne, hagu. Mutane kan ga kamar danne ciwon ake yi, alhali dalilin shi ne jinin ya tsaya a huhun da ke zubarwa, kada ya malala cikin mai lafiyar da ake numfashi da shi. Tun kafin ranar ta zo, a tambayi likita wane ɓangare ne, yana nan a sakamakon hoton ƙirji. In ba a sani ba, a zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba. Ban da rigingine. Kada a bubbuga bayansa, kada a hana shi tari, tarin ne ke fitar da gudajin. Kada a ɗura masa ruwa, kunu, zuma ko rubutu, zai iya sarƙewa. A yi masa addu'a a kunne, ba sai ya haɗiyi komai ba. A nemi mota, domin ba a iya kwantar da mutum a Keke Napep.

A tafi da katin asibiti, da ledar magungunansa duka har da na gargajiya, da ranar da aka yi masa kemo na ƙarshe, wato allurar maganin daji. Kemo na rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, mafi yawa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a gwaji. In suka faɗi ƙasa da 50,000 kuma jini na zuba, ana iya ƙara masa su, don haka a tafi da 'yan uwan da za su iya ba da jini. Zazzaɓi na digiri 38 a waɗannan kwanakin shi kaɗai ma ya isa a garzaya. Asfirin, ibuprofen da diclofenac na kemis suna ƙara zubar jini, a ajiye su. Mai shan warfarin ko allurar heparin, magungunan tsinka jini, kuwa kada ya ƙara na gaba sai ya ji daga likita.

Ba kowane jini ne daga ƙarin ba. Tarin fuka ya yawaita a Najeriya, kuma ya fi samun wanda kemo ya raunana, shi ya sa ake kai kaki gwajin GeneXpert mai gano tarin fuka. Gudan jini da ya toshe jijiyar huhu ma na kawo haka, kuma maganinsa tsinka jini ne, kishiyar na sauran. Wannan ya sa tranexamic acid, duk da amfaninsa wajen tsayar da jini, ba abin saye a kemis ba ne sai likita ya rubuta. In ƙarin ne ke zubarwa, gashin na'ura, wato ƙona ƙarin da haske, na 'yan zama kaɗan yakan tsayar da jinin.

Bayan an dawo gida, a nisantar da shi daga hayaƙin murhu, turaren wuta da taba. Wanda ciwonsa ya yi nisa, a tanadi tawul masu duhun launi kusa da gado, don farin ƙyalle na sa jinin ya yi kama da ya ninka, tsoro kuma na ƙara saurin numfashi. A raba aiki tun yanzu: wa zai zauna da shi, wa zai fitar da yara, wane maƙwabci ne mai mota da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare.