Yadda Ake Sabunta Hankali Don Zaman Tsarki da Biyayya

A Romawa 12:2 manzo Bulus ya gargaɗi masu bi kada su biye wa zamanin nan, amma su bar halinsu ya sake ta wurin sabunta hankalinsu. Halin ba ya sakewa sai tunani ya sake. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana zuwa sujada, yana cikin mawaƙa ko zumuntar mata, amma fushinsa da tsoronsa da ƙaryarsa suna nan yadda suke kafin baftisma. Ya canja wurin zama ranar Lahadi, bai canja abin da yake gaya wa kansa ba daga Litinin zuwa Asabar.

Bulus ya ba da tsarin aikin a Afisawa 4:22-24: a tuɓe tsohon hali, a sabunta hankali, a yafa sabon hali. Matakan da ke biye a kan wannan tsari suke.

Na farko: kama tunani guda, ka kira shi da sunansa

Kada ka ce "ina so in zama mai tsarki" ka tsaya nan. Wannan ya yi faɗi, babu inda za ka kama. Ɗauki ƙaramin littafin rubutu, har mako guda, duk dare ka rubuta abu uku: abin da ya faru, abin da ka gaya wa kanka a lokacin, da abin da ka aikata. Na tsakiyan shi ne muhimmi, kuma shi ne mutane suke tsallakewa.

Ga misali. 'Yar kasuwa mai sayar da hatsi tana da mudu biyu, na saye da na sayarwa, an bugi gindin ɗayan ya shiga ciki. Zunubin a bayyane yake, amma tunanin da ke riƙe da shi shi ne: "In na auna daidai, 'ya'yana za su kwana da yunwa, kowa ma haka yake yi." Muddin wannan magana tana zaune a zuciyarta, ko ta yi kuka a gaban bagade ranar Lahadi, ranar kasuwa tsohon mudun za ta ɗauka. A ƙarshen mako, duba rubutunka, za ka ga tunani ɗaya ko biyu suna ta dawowa. Zaɓi ɗaya kawai. Wanda ya tasa biyar a gaba lokaci guda yakan gaji kafin wata ya ƙare.

Na biyu: nemi ayar da ta amsa wannan ƙarya

Ba kowace aya mai daɗi ba, sai wadda ta yi daidai da ciwon. Ga 'yar kasuwar nan, Karin Magana 11:1 ta nuna Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, Ibraniyawa 13:5 kuma ta amsa tsoron da ke ƙarƙashi, cewa Allah ba zai yashe ta ba. Mai tsoron maita da sammu, wanda har yanzu yake ɓoye laya a ƙarƙashin matashi, ya riƙe 1 Yahaya 4:4, wadda ta ce wanda yake cikin masu bi ya fi wanda yake cikin duniya girma. Wanda aka ƙona masa gida ko aka kashe masa ɗan'uwa a rikici, zuciyarsa tana ta saƙa ramuwa, ya zauna cikin Romawa 12:17-21, a hankali, ba da gaggawa ba, domin wannan rauni ba na kwana ɗaya ba ne.

Karanta surar gaba ɗaya kafin ka ɗauki ayar. Nan ne ake yawan kuskure. Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa shi, ta zama ta masu neman kwangila da cin jarrabawa, alhali Bulus yana maganar iya zama da ƙoshi da yunwa, da wadata da rashi. Ayar da aka fizge daga mahallinta sabuwar ƙarya take dasawa. In ka rasa wadda ta dace, tambayi fasto ko dattijon ikkilisiya.

Na uku: haddace, ka yi bimbini

Aya ɗaya ko biyu a mako sun isa. Rubuta ta a 'yar takarda, karanta da murya sau goma da safe, sau goma da dare, da sunan littafi da sura da aya. Kashegari ka gwada faɗa ba ka duba ba. Ranar Lahadi ka maimaita duk na makonnin baya, in ba haka ba za su zube. Wanda bai iya karatu ba, a sa masa Littafi Mai Tsarki na murya a waya, ko yaro ya riƙa karanta masa.

Hadda kaɗai ba ta isa ba. Bimbinin da Zabura 1 da Joshuwa 1:8 suke magana a kai shi ne juya ayar a zuci da tambayoyi: me take faɗi game da Allah, wace ƙarya take rushewa, me zan yi yau saboda ita? Minti goma sha biyar kafin ka taɓa waya. Ka haɗa da karatu a jere: sura ɗaya a rana tana ƙare Sabon Alkawari, mai surori 260, cikin ƙasa da wata tara. Fara da Markus, gajere ne.

Na huɗu: toshe inda tsohon tunani yake shigowa

Filibiyawa 4:8 ita ce ma'auni: a riƙa tunani a kan abin da yake gaskiya, mai adalci, mai tsarki, abin yabo. Duba zaurukan WhatsApp da kake ciki, bidiyon da kake kallo da dare, da majalisar da ake cin naman mutane. Fita daga wanda ya kamata, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba.

Na biyar: sa wani aiki a gurbin wanda ka bari

Gonar da aka share ba a shuka ba, ciyawa ce take komawa. Yesu ya yi wannan gargaɗi a Matiyu 12:43-45, kan gidan da aka share aka bar shi fanko. Dubi yadda Bulus ya yi a Afisawa 4:25-32: maƙaryaci ya faɗi gaskiya, ɓarawo ya yi aiki da hannunsa har ya samu abin bai wa mabukaci, mai ruɓaɓɓiyar magana ya faɗi abin da zai gina wani. Don haka 'yar kasuwar ta fasa mudun algus, ta auna da ɗaya. Mai layar ya kai wa dattawa a ƙone. Wanda yake gaba da maƙwabci ya je ya gaishe shi. Yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu da ganewa, domin Yakubu 1:22 ta ce mai ji ba ya aikatawa kansa yake yaudara. Kada ka jira sai ka ji zuciyarka tana so. Sau da yawa son yakan biyo bayan biyayya ne.

Inda abin yake lalacewa

Wasu suna mai da matakan nan ciniki da Allah, su ga kamar yawan hadda ne zai sa ya karɓe su. Romawa 12:1 ta fara da jinƙan Allah, kuma Ruhu Mai Tsarki ne mai sake zuciya, saboda haka kowane mataki da addu'a ake yinsa. Wasu kuma in sun faɗi sai kunya ta sa su ajiye komai har makonni. Ka furta zunubin a ranar bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka rubuta abin da ya jawo faɗuwar, gajiya ce ko kaɗaici ko rashin kuɗi, ka ci gaba da safe.

Nemi mai bi guda wanda ya manyanta cikin bangaskiya, mai riƙe asiri, namiji ga namiji, mace ga mace. Ku haɗu sau ɗaya a mako, ya ji haddarka, ya tambaye ka kai tsaye ko ka yi aikin da ka ce za ka yi. Idan kuwa baƙin ciki ya daɗe, barci da cin abinci sun gagara, ko tunanin kashe kai yana zuwa, a gaya wa fasto, a kuma je asibiti a ga likita ba tare da ɓata lokaci ba.