Ƙarar MP3 ta ragu: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Yawancin ƙananan na'urorin sauraro da ake kaiwa wurin masu gyara a Adum ko Kejetia, a birnin Kumasi na Gana, da ƙorafin cewa ƙara ta ragu, lafiyarsu lau. Haka abin yake ga ƙaramar MP3 ta aljihu, da rediyo mai cin memori irin wanda dattawa ke jin tafsiri da shi a Aboabo da Asawase, da lasifikar Bluetooth. Datti, ko saiti, ko batir, a nan matsalar take kwana. Kuskuren farko shi ne a ɗauki sukundireba a kwance na'urar tun ba a san inda ciwon yake ba.

Ka fara da musanya abu ɗaya a lokaci guda. Ka cire iyafis ɗinka ka sa a wayar wani ka saurara. Ka karɓi iyafis ɗin da ka tabbatar yana da kyau ka sa a na'urarka. Sannan ka canza fayil, ka kunna wata waƙa ko wani karatu daban. Cikin minti 5 za ka san ko laifin na iyafis ne, ko na na'ura, ko na fayil. Wanda ya canza memori da batir da iyafis gaba ɗaya, ko da ƙarar ta dawo, bai san abin da ya gyara ba, kuma ya kashe sidinsa a banza.

Datti ne ya fi yawa, kuma a nan aka fi ɓarna. A bakin iyafis akwai wata ƴar raga mai ƙananan huda. Dauɗar kunne da gumi suna toshe ta a hankali, har mutum bai lura ba sai ranar da ya ji kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Ka cire robar bakin, ka duba ragar a hasken rana. In ka ga ta yi ruwan ƙasa tana sheƙi kamar an shafa mata man kaɗanya, to ita ce. Mutane sukan sa allura su tsokale ta. Allura tana tura dattin ciki, wani lokaci ta huda fatar lasifikar da ke bayan ragar, daga nan kuwa babu gyara. Abin da ya dace shi ne ka juya bakin iyafis ɗin ya kalli ƙasa, ka goge da busasshen burushin haƙori mai laushi domin dattin ya zubo waje. In ya daskare, ka ɗiga sifirit kaɗan a auduga, ka matse ta sosai, ka dangwala a kan ragar, ka bari minti 10 ya bushe. Robar kuwa ka wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin ka mayar.

Ramin da ake soka iyafis, mai faɗin milimita 3.5, shi ma yana tara zaren aljihu da ƙurar hunturu, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Zaren yana dunƙulewa a ƙasan ramin ya hana kan iyafis shiga har ƙarshe. Ka kashe na'urar, ka sa tsinken sakace na itace ka zaƙulo shi a hankali. Kada ka hura da baki, domin tururin numfashi yana jiƙa ƙarafunan ciki su yi tsatsa. Kada kuma ka ɗiga mai kowane iri, man keken ɗinki ko na girki, don mai yana kama ƙura ya mayar da ita laka.

Masu aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da duk mai walda ko gurza ƙarfe, tasu matsalar daban ce. Kowace lasifika tana da maganaɗisu a ciki, shi kuwa yana jan garin ƙarfe ta cikin raga. Garin yana taruwa a kan fatar lasifikar ya yi mata nauyi, sai ƙara ta ragu ta koma kamar kukan ƙudan zuma a gwangwani. Burushi ba ya fitar da shi. Salatif ake mannawa a kan ragar a ɗaga, a sake da sabo, sau biyar ko shida, har ya daina fitowa da baƙi. Bayan nan na'urar ta riƙa zama cikin leda ko aljihu mai zif lokacin aiki.

Sai batun saiti, wanda ya fi kama masu sayen kayan gwanjo. Tun 2013 na'urorin sauraro da ake sayarwa a ƙasashen Tarayyar Turai suna zuwa da takunkumi: ƙarar tana tsayawa a desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), sai mai ita ya amince da gargaɗin da ke fitowa kafin ta wuce, kuma ko ya amince ba ta haura 100. Irin waɗannan na'urori suna shigowa Gana da saitinsu na can. A Walkman na Sony, ka nemi inda aka rubuta AVLS ka kashe shi. A iPod, Volume Limit ne sunansa. A ƙananan SanDisk irin su Sansa Clip, idan aka mayar da saiti na asali na'urar tana tambayar yanki, wanda ya zaɓi Turai zai samu ƙara ƙasa da wanda ya zaɓi sauran duniya. Mutane da yawa sun yar da na'ura mai lafiya saboda wannan layi ɗaya.

Ka duba saitin sauti ma. Matasa suna son tura bas har ƙarshe, alhali bas ne ya fi cin ƙarfin amfilifaya, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikin na'ura, kuma na'urori da yawa suna rage ƙarar gaba ɗaya domin sautin kada ya fashe. Ka mayar da shi daidai wa daida, ka ji bambanci. Ga mai jin wa'azi ko karatu, muryar mutum a tsakiya take, bas ba ya ƙara mata komai.

A Bluetooth ƙara biyu ce, ta waya da ta lasifika. Ka ɗaga duka biyun. In har yanzu ƙasa take, ka goge haɗin ka sake haɗawa. A wayoyin Android akwai wani ɓoyayyen saiti: ka taɓa Build number sau 7, ka shiga Developer options, ka kunna Disable absolute volume, ka sake haɗa lasifikar.

Wani kuskuren shi ne sayen iyafis ba tare da duba kansa ba. Mai zobe biyu na sauti ne zalla, mai zobe uku yana da makirfo. Tsofaffin na'urori ba duka suke jituwa da mai zobe uku ba. Alamar ita ce kiɗa yana fitowa amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, in ka ɗan zaro kan ko ka danne maɓallin makirfo sai ta dawo. Maganin shi ne iyafis mai zobe biyu. Haka kuma manyan hedifon na situdiyo masu om 250 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar lantarki ne) sun fi ƙarfin MP3 ta aljihu. Ita an yi ta ne don masu om 16 zuwa 32, kuma adadin yana rubuce a jikin kwali.

Batir yana da alamarsa. Ƙara tana da kyau da safe, zuwa azahar ta yi sanyi, ko kuma in ka ɗaga ta sai sauti ya riƙa tsinkewa har na'urar ta mutu. Batirin lithium na irin waɗannan kaya, ko BL-5C mai faɗi ne ko 18650 mai kama da ƙaramar gora, volt 3.7 ne, yana kai 4.2 in ya cika. In ya tsufa, yana nuna ya cika amma ba ya iya ba amfilifaya wutar da take nema. Ka jona na'urar a caja mai volt 5 ka kunna. In ƙarar ta dawo, batir ne. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi nan take, kada a huda shi, kada a sake yi masa caji, domin yana iya kama wuta. Wajen saye, a yi hattara da wanda aka rubuta wa adadi mai ban mamaki alhali ba shi da nauyi a hannu. BL-5C na gaske bai wuce mAh dubu da ƴan kai ba, mAh kuwa ma'aunin wutar da batir ke ɗauka ne.

In fayil ɗaya ne ke da ƙaramar murya sauran lafiya, to na'urar ba ta da laifi. Wa'azin da aka naɗa da waya daga sahun baya a masallaci, aka yi ta tura shi a WhatsApp, haka zai fito ko a wace na'ura. Mayar da ingancinsa daga kbps 128 zuwa 320 ba ya ƙara masa murya, girman fayil kawai yake ƙarawa. A kwamfuta ake gyara shi. Manhajar MP3Gain kyauta ce, tana daidaita ƙarar fayiloli a kan desibel 89, kana iya ɗagawa zuwa 92, amma ka tsaya in ta nuna ja, domin alamar sauti zai fashe ke nan. Ka ajiye kwafin asali tukuna.

Manhajojin da ke alƙawarin ninka ƙara su ne muka fi jin takaicinsu. Ba sa ƙara wa amfilifaya ƙarfi, tura sautin suke yi ya wuce iyakarsa ya yi kaushi, wayar cikin lasifika ta yi zafi ta ƙone. Kunne ma yana biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wanda ke ƙure ƙara don ya rinjayi hayaniyar trotro, wato motar haya, iyafis mai roba da ke toshe kunne sosai ya fi masa amfani. Idan kowa yana jin na'urarka da kyau kai kaɗai ne ba ka ji, ko kunnenka yana ƙugi bayan ka cire iyafis, ka je sashen kunne a asibitin Komfo Anokye a duba ka.

Sai an wuce duk waɗannan ake buɗe na'ura. Mai gyara zai auna lasifikar da mitar gwajin lantarki: mai om 4 tana nuna tsakanin 3 da 4, in ba ta nuna komai ba ta ƙone. Zai duba dalmar ƙafafun ramin iyafis, wadda ke tsagewa saboda yawan sokawa da zarewa, ya sake narka ta. Rediyo mai maɓallin murzawa da ke ƙarar yashi, feshin wanke maɓalli ake yi masa a murza sau 20. In za a canza lasifika, a sa mai om da wat iri ɗaya da tsohuwar, domin mai om 8 a gurbin mai om 4 za ta ba da kusan rabin ƙarfin.