Darasi na Bakwai: Kuɗin ciyar da yara idan doka ta canja

Aure kan mutu, amma cin yaro da suturarsa da makaranta da magani suna nan a wuyan iyayensa. Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaron ne, ba alfarma ake wa uwar ba, ba kuma sanda ba ce da za a riƙa dukan juna da ita. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 27, ta ce gwamnatoci su tabbatar an karɓo wa yaro wannan kuɗin ko da wanda zai biya ya bar ƙasar.

To me ke canjawa? A da alƙali ne ke duba hali ya yanke abin da ya ga ya dace, yanzu ƙasashe da yawa sun koma lissafi. Ɗauki Birtaniya, a tsarin da suka kawo a 2012 ana duba samun mutum na mako kafin a cire haraji, mai matsakaicin samu zai ba da kashi 12 cikin ɗari in yaro ɗaya ne, 16 in biyu ne, 19 in uku ne ko fiye. Har kwanan da yaro ke yi a wajen mai biya ana ƙirgawa, in ya kai dare 52 a shekara sai a rage kashi ɗaya cikin bakwai.

Ga inda mutane ke faɗawa rami, kuma wallahi abin na damuna. Mutum ya rasa aiki ko ya ji a rediyo wai an sauya doka, sai kawai ya rage kuɗin da kansa, bai je kotu ba bai sanar da kowa ba, alhali takardar hukuncin da ke hannunsa tana nan daram sai wanda ya yanke ya sauya ta. A Amurka tun 1986 doka ta hana alƙali goge bashin da ya taru kafin ka shigar da buƙata, in bashin ya haura dala 2,500 ma fasfo za a hana ka. Don haka ranar da samunka ya ragu, a makon ka kai ƙorafi, kar ka ce sai gobe. Ke ma uwa, in kuɗin makaranta ya ƙaru ko yaro ya kamu da ciwo mai cin kuɗi, kina da damar neman a sake dubawa.

Kuma don Allah a daina biya hannu da hannu ba shaida. A tura ta banki ko a rubuta rasit, kwanan wata da adadi da sa hannu, a adana a jaka ɗaya da takardar kotun.

Aikin aji: uba yana samun fam 350 a mako a Birtaniya, ɗansa ɗaya, yaron na kwana wajensa dare ɗaya duk mako. Nawa zai riƙa biya? Ku fara fitar da kashi 12 ɗin tukuna, sannan ku rage.