Ga Ƙannenmu Sababbin Zuwa Tailan: Maganar da Ake Jin Nauyin Faɗi

In layin waya kake so, je kantin 7-Eleven da fasfo ɗinka. Ɗaki kuwa, duk ɗan'uwan da ka tarar a unguwar Pratunam ta Bankok zai haɗa ka da mai shi. Jama'armu a nan, Alhamdulillahi, ba sa barin baƙo ya kwana a titi, kuma da kyakkyawan suna muke cin abinci a kasuwar duwatsu masu daraja ta garin Cantaburi. Abin da ke kayar da samarinmu daban ne, wato cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, manya kuma sun yi gum saboda kunya.

Yaro zai zo yana cewa shi ba ya zuwa wurin karuwai a Nana ko Pattaya, 'yar ƙauye ya samu daga yankin Isan na arewa maso gabas, mai ladabi. To, ƙanena, ka saurara. Tun 1991 gwamnati ta tilasta amfani da kwaroron roba a gidajen karuwai na duk ƙasar, bayan an gwada a lardin Ratchaburi a 1989, kuma ƙanjamau ya ja baya sosai. Amma dokar ba ta shiga ɗakin miji da mata ba. A karkara, namiji yakan tafi ci-rani Bankok ko aikin jirgin kamun kifi, ya dawo gida lokacin bikin sabuwar shekararsu na Songkran a watan Afrilu, wani da "mia noi", wato ƙaramar mata ta ɓoye, wani da 'yan matan shagon karaoke. Matar gida ba ta iya cewa ya sa roba, don tamkar ta zarge shi ne. Haka mata da yawa da ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu suka kamu, musamman a arewa, irin su Phayao da Chiang Rai. Ladabin yarinya ba ya gaya maka inda tsohon mijinta ya bi. Kai ma, mu faɗi gaskiya, ita ba ta san inda ka bi ba.

Akwai wani yaro da ya zauna tare da mu. Fitsari na ƙona shi, sai ya riƙa sayen kafso a kemis, don a nan ba a cika neman takardar likita ba. Zafin ya lafa, ya ce ya warke. Sai da ya je gwajin jini na takardar izinin aiki aka ga har da tunjere. Ranar a bakin ƙofata ya zauna, takardar na rawa a hannunsa, ga ɗaurin aurensa saura wata biyu a gida.

In aure ne nufinka, ku je gwaji ku biyu kafin a kira limami. Asibitin Red Cross na Anonymous Clinic da ke titin Ratchadamri a Bankok ba ya tambayar sunanka. In kuma ƙaddara ta riga ta afka, an sadu ba roba, akwai maganin PEP na kariya daga ƙanjamau, amma sai an fara sha cikin awa 72 da saduwar. Kada ka tsaya jiran Litinin.