Yadda Iyaye Za Su Bi da Jaririn da Ake Zargin Yana da Ciwon Ƙashin Dutse

Akwai wani ciwo na gado da likitoci ke kira ostiyofetrosis, wato ƙashi ya koma tamkar dutse, wanda wani likita Bajamushe mai suna Albers-Schönberg ya fara bayyana shi a shekarar 1904. Nau'insa mai tsanani da ke kama jarirai ba kasafai ake ganinsa ba, domin ana ƙiyasta shi da haihuwa 1 cikin 250,000, sai dai yakan fi yawa a inda ake yawan auren zumunci, kuma ƙauyukanmu na Kano da Jigawa suna cikin irin waɗannan wurare. Yanzu ana bincike a kan warkar da shi ta hanyar gyaran ƙwayar gado, wato saƙon halittar da yaro ke gada daga iyayensa, amma kafin uba ya sa rai a kan wannan, akwai matakan da suke hannunsa a yau, waɗanda su ne za su iya tsare wa yaro ganinsa da ransa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne yadda ciwon yake. Ƙashin mutum kullum cikin rushewa da sabon gini yake: wasu ƙwayoyi suna narkar da tsohon ƙashi da wani ruwa mai tsami, wasu kuma suna ɗora sabo, kamar yadda ake kankare tsohon yaɓe kafin a yi sabo. A jikin jaririn da ke da wannan ciwo masu narkarwar ba sa aiki, saboda haka gini yake ta hauhawa ba tare da kankara ba. Ƙashin sai ya yi kauri amma ya zama mai saurin karyewa, kogon ɓargo ya cushe har jiki ya rasa inda zai ƙera jini, ramukan ƙoƙon kai da jijiyoyin gani da na ji ke bi ta cikinsu kuma su matse. A kusan rabin yaran, matsalar tana cikin ƙwayar gado guda da ake kira TCIRG1, wadda ita ce ke ba masu narkarwar ikon fitar da ruwan tsamin.

Uwa ko kaka ita ce za ta fara lura, don haka ga abin da za a sa wa ido a watannin farko. Jariri yana ɗashewa, tafin hannunsa da cikin idonsa suna yin fari, cikinsa yana girma saboda kumburin saifa da hanta, goshinsa yana turowa, hancinsa a toshe kullum ko da babu mura, kuma ba ya ƙiba yadda ya kamata. Wani yakan yi jijjiga tun cikin makonnin farko saboda ƙarancin sinadarin kalshiyam a jininsa. Alamar da ta fi kowace gaggawa ita ce ta ido: idan jariri ya kai wata biyu ko uku ba ya bin fuskar mahaifiyarsa ko hasken tocila da kallo, ko kuma idanunsa suna rawa, kada a jira ranar kasuwa ko a ce sai an gama girbi. Jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa, ko da daga baya an samu maganin da ya gyara ƙashin.

A nan ne ake yawan ɓata lokaci, domin ƙarancin jini da kumburin saifa a wurinmu kowa zazzaɓin cizon sauro ko sikila yake kawowa a ransa, kuma galibi gaskiya ne. Sai dai sikila ba ta cika bayyana kafin yaro ya kai wata biyar ko shida ba. Idan an ƙara wa jariri ɗan wata biyu jini, aka yi maganin zazzaɓi, gwajin sikila bai nuna komai ba, kuma bayan 'yan makonni ya sake ɗashewa, to uba ya roƙi ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ko likitan babban asibitin ƙaramar hukuma ya rubuta masa takardar turawa zuwa gaba. Mutumin Kano yana iya nufar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, na Jigawa kuma yana da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A tafi da katin rigakafi da duk wata takardar gwaji ko ta ƙarin jini, a kuma gaya wa likita ƙarara idan iyayen 'yan uwa ne, da kuma ko an taɓa rasa wani jariri a dangi da irin waɗannan alamu. Hoton ƙashi na yau da kullum ya isa ya nuna ciwon, domin ƙasusuwan sukan fito fari fat, babu alamar kogon ɓargo. Bayan hoton sai cikakken gwajin jini, da awon kalshiyam, da duba ido wurin likitan ido.

Kafin a kai ga babban magani, a kiyaye yaron daga abin da zai zubar masa da jini. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙaranci a jikinsa, saboda haka a dakatar da wanzami daga cire beli, tsaga, sakiya ko kaciya har sai likita ya yarda, ko da dattawan gida za su ga kamar an saɓa al'ada. Idan ya karye, asibiti za a kai shi, kada a miƙa shi ga mai ɗori ya ja. A ci gaba da ba shi nono, a kwantar da shi cikin gidan sauro, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne a garzaya da shi asibiti, domin garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi.

Maganin da aka tabbatar yana warkar da ciwon shi ne dashen ɓargo, wanda ake yi wa irin waɗannan yara tun wajajen 1980. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi daga ɓargo suke fitowa, don haka idan aka dasa ɓargon mai lafiya, sababbin masu narkarwa za su fito su buɗe ƙashin. Wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne wa ko ya da suke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane ɗan uwa yana da damar dacewa kashi 1 cikin 4, saboda haka a shirya kai yayyen yaron gwaji. A Nijeriya an fara dashen ɓargo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma domin masu sikila. Yi wa jariri mai wannan ciwo dashen aiki ne na ƙwararru ƙalilan, mai tsada da haɗari, wanda likitan yara ne zai faɗi inda za a nema. Kafin a sayar da gona ko shanu, a nemi a aika jinin yaron gwajin ƙwayar gado, domin akwai nau'in da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kamar na ƙwayar gadon da ake kira OSTM1, wanda dashe ba ya hana shi ci gaba.

Gyaran ƙwayar gado an ƙirƙiro shi ne domin yaron da bai samu mai ba shi ɓargo ba. Ana ɗibar ƙwayoyin asalin jini daga jikin jaririn kansa, a kai su ɗakin bincike, a yi amfani da wata ƙwayar cuta da aka cire mata dafi ta shigar musu da lafiyayyar TCIRG1, sannan a ba yaron magani mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargonsa, a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara ta jijiya. Amfaninsa shi ne jiki ba zai yi faɗa da abin da yake nasa ba. Masana a Suwidin da Italiya sun gwada hanyar a kan ɓeraye ta yi aiki, amma gwajin farko a kan ɗan Adam da aka fara a Amurka bai yi nisa ba aka dakatar da shi bayan rasuwar jaririn farko da aka yi wa. Ko na sikila da Amurka ta amince da shi a Disambar 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Saboda haka duk wanda ya zo ƙauye ko ya turo saƙo ta WhatsApp yana tallar ƙwaya ko garin da wai yake gyara ƙwayar gado ko sabunta ɓargo, a riƙe kuɗin a yi na mota zuwa asibiti.

Saura maganar haihuwa ta gaba, wadda ya kamata miji da mata su zauna tare a gaban likita su ji. Ciwon yana bin hanyar da sikila ke bi: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, alhali su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ciwon. Ba daga wajen uwa kaɗai ya fito ba, kuma bai dace dangin miji su ɗora mata laifi ba. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya gano shi, domin sikila yake dubawa. Idan matar ta sake samun ciki, a sanar da masu awo tun farko, a haihu a asibiti, kuma a nemi likitan yara ya duba jaririn da hoton ƙashi da gwajin jini cikin makonnin farko, ba tare da jiran wata alama ta bayyana ba.