Yadda zaka je Pus daga Marwa ka ga ɗakunan Musgum da idonka

Duk wanda ke Marwa ko Garwa yana sha'awar gine-gine, kafin ya fara tara kuɗin zuwa Dubai ya fara zuwa Pus tukuna, can arewacin Kamaru bakin kogin Logon inda ƙabilar Musgum ke gina ɗakunan nan nasu na laka masu tsini da suke kira teleuk. Da gaske nake, mutane daga Turai suke zuwa kallonsu, mu da ke kusa da yawanmu a hoto kawai muka san su.

Lokacin tafiya shine abu na farko. Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ruwa ya ja baya kuma akwai ɗan sanyi. Da damina kar ma ka fara, daga Agusta zuwa Oktoba Logon na cika ya yi ambaliya hanya ta zama taɓo, Maris da Afrilu kuma zafi na wuce digiri 40, sai dai in kai mai juriya ne. In da hali ka daidaita tafiyarka da ranar Talata don ita ce ranar kasuwar Pus, motoci sun fi yawa, har mutanen Cadi na tsallako ruwa da kwale-kwale daga Katowa su ci kasuwa.

Hanya daga Marwa ta Bogo take bi, sai Girbidik, sai Maga, daga nan ka ƙarasa Pus, wajen kilomita 100 ne gaba ɗaya. Ka yi sammako zuwa tasha, ka tambayi direbobi halin da hanya ke ciki a satin, su suka fi kowa sani. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihunka saboda shingen jandarmomi, ka riƙe canjin sefa ƙanana, da ruwan sha da rawani ko hula don ƙura. Daga Maga zaka samu ɗan moto ya kai ka, ku gama ciniki kafin ka hau, kuma ka ce masa harda ƙauyen Murla kake so, can ne aka sake gina wani gida guda irin na da don kar sana'ar ta ɓace, domin yawancin mutane yanzu sun koma bulo da kwano.

In ka isa kar ka zaro waya ka hau ɗaukar hoto. Yi sallama, ka nemi mai gida ko dattijon wurin, "Baba ina wuni, baƙo ne daga Marwa, na zo ganin ginin nan ne in an yarda." In baya jin Hausa to Fulatanci ko Faransanci zai fisshe ka. Ka ba wanda ya zaga da kai wani abu, haƙƙinsa ne.

To yanzu kallon kansa, nan ne mutane ke gaggawa. Matsa kusa ka ɗora hannu a bango. Zaka ji wasu tudu-tudu a jere tun daga ƙasa har ƙololuwa, da yawa sun ɗauka ado ne kawai, alhali matakala ce, a kansu magini ke taka ƙafa yana hawa yana ɗora laka tunda babu katako babu tsani, kuma in damina ta wuce a kansu ake hawa a yi yaɓe, sannan su suke raba ruwan sama ya gangara ta ko'ina kar ya ci bango ta wuri ɗaya. Ɗakin na iya kai mita 9 amma babu azara ko ɗaya a ciki, babu ginshiƙi, laka ce da ciyawa kawai ake ɗorawa da hannu zagaye bayan zagaye kamar yadda ake ginin tukunya, a bari wannan ya sha iska sannan a ɗora na gaba, shi yasa aikin ke cin watanni. Duba kaurin bangon a bakin ƙofa, ƙasa ya fi kauri yana sirancewa yana yin sama, da wannan lanƙwasar tasa nauyin ke sauka ƙasa salin alin. Ƙofar ma ka lura da ita, ƙunci wajen gwiwa faɗi wajen kafaɗa. Ka shiga ka tsaya tsakiya ka ɗaga kai, akwai ƙaramar kafa a can sama da hayaƙi da iska mai zafi ke fita, in hadari ya taso a rufe ta. Da tsakar rana zaka ji bambancin sanyin ciki da waje a jikinka.

Wannan dabara ta barin matakala a jikin gini ba su kaɗai ke da ita ba. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, itatuwan da ke fitowa daga bangonsa a kansu ake tsayawa ranar yaɓen shekara da duk gari ke fitowa. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 ma haka take. Abin da yafi burge ni da na Musgum shine su da lakar kanta suka yi matakalar.

Kafin ka juya ka leƙa fadar sarkin Pus, ka nemi izini wurin dogarai kafin hoto. A Maga ka tsaya ka ci kifi, tafkin nan da aka tare a 1979 don noman shinkafa akwai dorina a ciki, kar ka shiga ruwa ko kwale-kwale sai da ɗan gari. Ka kama hanyar Marwa kafin la'asar, tafiyar dare a wannan hanya ba ta da daɗi, in kuma ka makara gara ka kwana a Maga ka taso da safe.