Babin Bita: Daga Ina Tsiro Yake Samun Abincinsa?

Kafin jarrabawar ƙarshen zango, wajibi ne mu koma kan darasin halittu, musamman tambayar da ta fi kayar da ɗalibai, har da waɗanda suka tsufa a noman hatsi.

Mu fara da tushe. Kowane mai rai, mutum ne ko akuya ko karan dawa, an gina jikinsa da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin da ke ƙara girman abu, kuma wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ne ya fara bayyana su a 1665. Wannan ya wadatar a nan.

Idan aka tambaye ku inda tsiro yake samun abinci, amsar da take fara zuwa baki ita ce ƙasa, amma ba ita ce daidai ba. Wani masani ɗan ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, Van Helmont, ya dasa ɗan icce mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Da ya sake aunawa, iccen ya kai kusan kilo 77, ƙasar tukunyar kuwa ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya gina iccen, sai daga baya masana suka gano cewa iska tana da babban rabo.

Ga yadda abin yake. Saiwa tana zuƙo ruwa daga ƙasa, ganye yana shigar da iskar kabon ta wasu ƴan ƙofofi da ke jikinsa, sannan sinadarin da ya sa ganye ya zama tsanwa, wato kulorofil, yana kama hasken rana ya haɗa waɗannan biyu su zama sukari, ya kuma saki iskar oksijin da muke shaƙa. Sukarin nan shi ne yake taruwa a zangarniya ya zama tsabar da ake dakawa a yi fura. Ina roƙonku ku riƙe abubuwa huɗu ɗin nan, wato ruwa, iskar kabon, kulorofil da hasken rana, da fahimta, domin wanda ya haddace su ba tare da ganewa ba yakan rikice da zarar an juya tambayar.

To, mene ne amfanin taki? Ƙasa tana ba da sinadarai da tsiro yake buƙata kaɗan-kaɗan, kuma babba daga cikinsu shi ne azot, wanda wasu littattafai ke kira naitirojin, shi ne kuma ke cikin takin yuriya. Ku tumɓuke wake ko gujiya ku duba saiwar, za ku ga ƴan ƙullutai. Cikinsu akwai bakteriya, wato ƙananan halittu da ido ba ya gani, da suke ɗaukar azot daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya amfani da shi. Shi ya sa manoman jihar Maraɗi suke haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. Gawo ma dangin wake ne, ga shi yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne.

Aikin gida: ku shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙuryar ɗaki mai duhu, ku riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako biyu ku rubuta jimla uku a kan launin ganyensu da ƙarfin karansu, ku kawo wa malami tare da dalilin bambancin.